Kurfayawa, Nonon da Kuke Sha na Saniyar Wa Ne?

Tun ban buɗe baki ba na san abin da za ku ce. Alhaji mai shagon fotokopi a Filinge zai kishingiɗa ya ce, "Kai yaro, mu da kuran ke yi wa wasan ɓuya, rezo kuma sai an hau tudu, shi ne za ka zo mana da rigimar lasisin manhaja?" Mushe na lakwal zai gyara zaman tabarau ya ce ai wannan gardamar ƙosassu ce, mutanen da suka ci suka sha suka rasa abin yi. Shi kuwa ƙanena mai teburin caji da tura waƙoƙi a kati, dariya zai yi har da riƙe ciki, don a duk abin da ke cikin kwamfutarsa babu wanda ya ba da ko dala ya saya, kuma har yau babu wanda ya taso daga Amurka ya zo kama shi. To, na ji. Ku gyara zama, yau da ku nake, kuma wanda ya tashi kafin in gama shi aka kayar.

Alhaji, ranka ya daɗe, miƙo mini Tecno ɗin nan taka. Shiga saiti, gangara can ƙasa inda aka rubuta bayanin waya, danna wurin bayanan shari'a, sannan lasisi. Ka ga abin da ya fito? Ja da yatsa. Ƙara ja. Za ka gaji ba ka kai ƙarshe ba. Ɗaruruwan guntayen manhaja ne, kowane da takardar sharaɗinsa a ƙarƙashi, wannan Apache, wancan MIT, ga BSD, ga GPL. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ba don ƙauna ya jera su ba. Dole ce, sharaɗin ɗaukar kayan ke nan. Zuciyar wayar, wadda ke raba aiki tsakanin batir da allo da kyamara, Linux ce, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 yana ɗan shekara 21. Gangar jikin Android da Google ya ɗora a kai ita ma a buɗe take, ban da Play Store da Gmail da ire-irensu da ya kulle abinsa. Da a ce kowane guntu sai an biya kuɗinsa, da wayar nan ba ta zo hannunka a farashin da ka tsaya kana ciniki kana rantse-rantse ba.

Inna, ke ma kada ki ce babu ruwanki don wayarki mai maɓalli ce. Ranar da kika kai jikanki rigakafi, an rubuta shi a rajistar likita, ƙarshen wata kuma aka tattara alƙaluman aka zuba su a wata manhaja mai suna DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke aiki da ita. Jami'ar Oslo ta Norwe ce ke kula da ita, ƙasashe sama da 70 sun ɗauke ta, babu mai biyan kuɗin lasisi. Yaran porje da ke zuwa da allon hannu suna tambayarki awaki nawa gare ki, ke kuma kina ɓoye biyu, da yawansu da KoboToolbox ko ODK suke aiki, duk buɗaɗɗu ne. VLC mai tambarin mazurari ruwan lemu, wadda ƙanena ke kunna fina-finan Kano da ita, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa ne suka fara ta, aka sake ta ƙarƙashin GPL a 2001. Ko Starlink ɗin da ya shigo Nijar a hukumance a 2025, taurarinsa da Linux suke shawagi a sama. Kun daɗe kuna cikin tukunyar, yanzu ne kuke tambayar wa ya hura wutar.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun da mutum ya zauna ya yi, wanda wani masanin zai iya karantawa ya gyara, akwai kuma abin da inji ya sarrafa daga rubutun, wanda kwamfuta kaɗai ke ganewa. Kamfani irin Microsoft na biyun yake ba ka, ya ɓoye na farkon. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka ba ka rubutunta, tare da izinin ka yi aiki da ita, ka duba cikinta, ka gyara, ka kuma raba wa wanda kake so. Kuma Alhaji, abin zai ba ka haushi in ka ji cewa duk rigimar nan daga sana'arka ta taso. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, akwai wata firinta ta kamfanin Xerox mai yawan cin takarda, irin taka sak. Wani masani mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da mutane in ta maƙale, aka hana shi rubutun. Kai da takarda ta maƙale maka, marfin injin kake buga wa tafi ka tsine wa wanda ya sayar maka. Shi fushi ya yi irin na mai dogon numfashi. A 1983 ya yi shelar zai gina tsarin kwamfuta sukutum wanda babu mai kulle shi, ya kira shi GNU, a 1989 kuma ya fito da takardar GPL.

Don kada ku ce na kai ku Amurka na bar ku a tasha, mu dawo Tukunus, inda tun 1954 ake zaɓen irin shanun Azawak. Duk wanda ya zauna kusa da makiyaya ya san habbanaye. Mai garke ya ɗauki karsana ya ba wanda fari ya share wa shanu. Ya yi kiwonta, ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku, ƴan maruƙan nasa ne, uwar kuma ta koma gida. Ba ciniki ba ne, ba kuma sadaka ba ce. Amana ce mai sharaɗi, kuma wanda ya ci ta ya san abin da za a riƙa faɗa a kansa a bakin rijiya. A nan GPL take zaune. Ɗauki, yi aiki, gyara, ka sayar ma in ka samu mai saye, amma duk wanda ka miƙa wa, ka miƙa masa da rubutun da gyaran da ka yi, bisa sharaɗin da aka ba ka. Lasisin MIT da BSD da Apache kuwa kyauta ce ta har abada. Ga karsana, je ka, abin da ake roƙonka kawai kada ka goge shaidar mai ita da ke cinyarta. Kana iya ɗaure ta a bayan ɗakinka ka yi ta sayar da nono, babu mai tambayarka. Shi ya sa Apple ya kwashi kayan BSD ya gina tsarin kwamfutocinsa, Sony ma ya yi haka da PlayStation. Na Microsoft da Adobe kuwa haya ce. Tatsa za ka yi ka biya, ba ka da ikon buɗe bakin saniyar ka ƙirga haƙoranta.

Na ga Mushe ya ɗaga yatsa, irin ɗagawar da yake hana yara yi a aji. Ya ce misalin ya gurgunce, domin karsana in ka ba da ita ta bar garkenka, manhaja kuwa ko mutum miliyan ya kwafe ta, mai ita bai rasa komai ba. Gaskiyarka, Mushe, ga maki ashirin bisa ashirin, abin da kai ba ka taɓa ba wa kowa ba. Amma ka tsallake kiwo. Manhaja ba ta mutuwa da kwafi, tana mutuwa da rashin mai kula. Kullum ana gano ɓaraka a toshe, ana fito da sabuwar na'ura a daidaita ta da ita, kuma mai wannan aikin yana cin abinci yana biyan haya. Rigimar da ake yi yau duk a nan take: wa ke kiwo, wa ke sayar da nono.

Ga yadda ta kasance. Wasu kamfanoni sun gina manhajojin ajiyar bayanai da bincike, suka sake su a buɗe don duniya ta ɗauka su yi suna, da nufin su ci abinci ta hanyar sayar da kulawa. Sai Amazon, mai rumbunan kwamfutoci da yake ba da haya, ya ɗauki kayan kamar yadda takarda ta ba shi dama, ya riƙa hayar da su ga dubban kamfanoni, kuɗi na shiga aljihunsa. Masu kayan suka ce ba za ta saɓu ba. MongoDB ya canza lasisi a 2018. Elastic ya bi sahu a Janairun 2021, Amazon ya ɗauki kwafin ƙarshe da ke buɗe ya ci gaba da shi da sunan OpenSearch. HashiCorp ya rufe ƙofar Terraform a Agustan 2023, jama'a suka ware da nasu suka kira shi OpenTofu, shi kuma HashiCorp bai daɗe ba IBM ya saye shi a kan dalar Amurka biliyan 6.4, abin da ya sa masu baki suka ce dama kwalliyar kasuwa ake yi wa amarya. Redis ya yi nasa a Maris 2024, kafin watan ya ƙare an kafa Valkey ƙarƙashin Gidauniyar Linux, da Amazon da Google da Oracle a bayansa. Abin dariyar shi ne komen da aka yi. Elastic ya dawo da buɗaɗɗen lasisi a Agustan 2024, Redis ya dawo a Mayun 2025, dukansu da AGPL, ƙanwar GPL mai tsananin da ta ce ko ta intanet kake hayar da kayan ga mutane, sai ka ba su rubutun gyaranka.

Kada ku nemi waliyyi a wannan faɗan. Amazon bai karya doka ba, ya dai ci da hannu biyu. Su kuma masu kukan sun manta cewa dubban mutane sun gyara musu kaya a banza saboda alƙawarin cewa abin na kowa ne, sai da ya yi ƙiba aka ce a'a, na gidanmu ne. Abin da nake so ku riƙe ɗaya ne. A duk rigingimun nan babu kamfanin da ya iya ƙwace abin da ya riga ya saki. Sabon da zai rubuta gobe yana iya kullewa, amma na jiya ya fita ke nan, takardar da ya sa wa hannu ta ɗaure shi. Shi ya sa aka iya warewa aka ci gaba. Ni a wannan gardamar ɓangaren GPL nake, ba na ɓoyewa. Kyauta marar sharaɗi tana da daɗin faɗa, amma wanda ya fi kowa babban buhu shi ke tafiya da ita. GPL kuwa tana da haƙori. A 2003 aka gano cewa wata na'urar raba intanet ta Linksys, wanda Cisco ya saya, da Linux take aiki an ɓoye rubutun. Aka matsa musu suka sake shi, daga nan aka haifi OpenWrt da mutane ke sa wa na'urorinsu har yau.

Ƙanena, na ga kana hamma. Kai ne mai cewa takarda ba ta cizo. Hau mota ka je Galmi ka tambaya. Albasar nan mai launin shuni, kakanni ne suka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru, kowa na ba maƙwabcinsa, babu takarda, babu sa hannu. Sai ga wani kamfanin iri na Senegal mai suna Tropicasem ya je Yawunde, ofishin OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha ta ƙasashe 17 har da Nijar, ya nemi a rubuta masa iri da sunan Violet de Galmi. Da maganar ta fito fili wajen 2009, manoma da hukuma suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan ya koma Violet de Damani. Sai a 2023 albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu takardar shaidar asali daga wannan OAPI ɗin. Manoman Galmi ba rowa suka yi ba, ba kuma sata suka yi ba. Sun dai bar abinsu a fili ba mai gadi, suka ɗauka kunya za ta tsare musu shi. Wayon Stallman a nan yake. Bai ce a rushe dokar haƙƙin mallaka ba. Ɗaukar ta ya yi ya juya ta, ya ce abin nan nawa ne a gaban alƙali, kuma da wannan ikon na hana kowa kulle shi.

Yanzu bari mu leƙa kwamfutarka, tunda ka ce komai a banza ka samu. Can ƙasa a kusurwar dama ga wani rubutu dishi-dishi da ke cewa a kunna lasisin Windows, ya daɗe a wurin har ka daina ganinsa. Ranar da mai gyara ya sa maka shi, sai da ya kashe maganin birus kafin ya buɗe ɗan abin fashin, ka ga baƙin allo ya yi rubuce-rubuce ya ɓace, ya ce maka an gama, kawo jika biyu. Ba ka san abin da ya shigo tare da shi ba, shi ma bai sani ba. Kuma duk kilen da aka soka a wannan kwamfutar, ta fito fayilolinta sun zama ƴan gajerun kibiyoyi, Mushe ya zo buga jarrabawa ya tarar babu komai, ya tafi yana salati. Ba na ganin laifinka a kan kuɗin. Windows 11 na gida Yuro 145 ne a Faransa, kusan jika 95 ke nan, a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi jika 42 ne tun 2024. Wa zai ba da albashin wata biyu don rubutu ya ɓace a kusurwa? Amma abin da ka samu da wanda ake ba ka a buɗe ba ɗaya ba ne. Naka ba ka iya kai ƙara a kansa, ba ka iya gyara shi, ba ka iya tsayawa da shi a gaban hukuma ka nemi kwangila, kuma mai shi yana iya juya maka baya ran da ya ga dama.

Ya ma juya. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 10 ga gama-garin mutane. Windows 11 kuwa sai kwamfuta mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da suka cika shagunanmu da ofisoshinmu da yawansu ba su da shi. Injin lafiyarsa lau, an dai yanke masa hukuncin tsufa daga nesa. Wannan kwamfutar in aka sa mata Linux Mint ko Ubuntu da LibreOffice, za ta ƙara shekaru tana aiki. Alhaji zai ce ya taɓa ganin an gwada, takardar Word ta buɗe layukan sun goce, tebur ya hau kan hatimi, wata firintar ma ta ƙi magana. Haka ne, yana faruwa, kuma wanda abokin cinikinsa ke tsaye yana jiran takardar haihuwa ba shi da lokacin falsafa. Sai dai jandarmomin Faransa da kansu sun kwashe dubun-dubatar kwamfutocinsu sun mayar kan Ubuntu tun shekaru da dama, kuma ba a ji sun daina rubuta tara ba.

Ku da kuka ga 2023 ma bai kamata a yi muku dogon bayani ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da takunkumin CEDEAO ya sauka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka, hada-hadar banki ta cije. Manhajar da sai ka biya da kati kowane wata, kuma sai ta gaida uwar ɗakinta ta intanet kafin ta buɗe, irin wannan ranar take jira. An gani a wasu wurare. A 2019 Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun mutanen Benezuwela saboda umarnin gwamnatin Amurka, sai daga baya aka sassauta. A Maris 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha. Kuma don kada ku ce ina tallan aljanna, buɗaɗɗiyar ma siyasa na taɓa ta. A Oktoban 2024 an cire sunayen wasu ƴan Rasha daga jerin masu kula da Linux saboda takunkumi, aka yi ta cacar baki. Amma an hana su kujera ne, ba a iya hana su rubutun ba, yana hannunsu suna aiki da shi. Duk mai maganar ƴancin kai a bakin shayi, ya fara duba wa ke riƙe da makullin kwamfutar ofishinsa.

Akwai inda masu shakka suka fi ni gaskiya, kuma ba su ma san wurin ba, bari in nuna musu. Ana cewa tunda rubutun a buɗe yake, idanu dubu na kallonsa. Sau da yawa ido biyu ne, su ma sun yi ja don rashin barci. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin babban kaso na intanet, sai ga shi gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce wajen dalar Amurka 2,000 ba. A Maris 2024 aka ga wanda ya fi wannan. Wata ƴar ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace Linux, mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita ba albashi. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya yi ta taimako cikin ladabi har wajen shekara biyu, wasu kuma na gefe suna matsa wa mai ita cewa ya gaza, ya ba wani. Da aka ba shi amana, ya dasa ƙofar sirri. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya kama abin, don kawai ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar. Rabin daƙiƙa, jama'a. Mu da ke jiran saƙon murya ya sauka har shayi ya huce, da mu aka bar wa gadin, da yanzu ɓarawon ya yi jikoki a ciki.

Sabuwar rigimar kuma ta ƙirƙirarriyar basira ce. Meta ya saki Llama yana kiran ta buɗaɗɗiya, amma a takardar ya ce duk kamfanin da masu amfani da shi suka haura miliyan 700 a wata sai ya nemi izini. Alhaji, kwantar da hankalinka, shagonka da saura. Ƙungiyar OSI, wadda tun 1998 take tantance lasisin da ya cancanci sunan, ta ce wannan bai cika ba. DeepSeek na Sin ya saki nasa a Janairun 2025 da lasisin MIT, amma shi ma bai nuna rubuce-rubucen da ya ciyar da injin ba.

Na san kwaikwayo ba baƙonku ba ne. A ƙasar nan ce, a Cikal, wajen 1925, Shibo da mutanenta, ƴan Hauka, suka fito da Gwamna da Kaftin da Kafaran na Turawan mulki sukutum, da faretinsu da tsawarsu, ba su nemi izinin kowa ba. Su dai sun ce iskoki ne suka hau su, ni ba na shiga wannan. Kumandan Crocicchia na Yamai ya sa aka kama su aka ɗaure, da suka fito sai shi ma ya shiga jerin, ya zama Kumandan Mugu. Amma ku ji ƙarshen labarin. Jean Rouch ya bi ƴan Hauka har Akara ya ɗauki fim ɗinsu, ya fito a 1955, ana nuna shi a jami'o'in duniya har gobe, kuma haƙƙin mallakarsa a Faransa yake. Ku kuka yi wasan, wani ya riƙe takardar.

To, me za ku mayar? Kada wani ya ce mini shi bai iya rubuta manhaja ba, ba ita kaɗai ake bukata ba. A Maris 2025 sabon kundin mulkin da aka ƙaddamar a Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Wa zai mayar da maɓallan kwamfutar ofishin magajin gari zuwa Hausa? In ta Microsoft ce, sai ku rubuta wasiƙa ku jira. In LibreOffice ce, Mushe da abokansa uku suna iya farawa daren yau ba tare da sun gaida kowa ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, waɗanda ke zama akwatuna a takardun Alhaji, suna nan cif a zanen haruffa irin Andika da Charis na ƙungiyar SIL, ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin haruffa da ta fitar a 2005, saukewa kawai za a yi. Wikipedia ta Hausa na jiran wanda zai rubuta tarihin Mayaƙi Namailaya da na Dallol Bosso daga bakin masu wurin. Common Voice na Mozilla na karɓar muryoyin Hausa don koya wa inji jin magana, kuma in ba ku ba da taku ba, Kananci zai koya, ran da kuka ce masa "tahi" ya tsaya yana kallonku.

A nan ma ku karanta takardar kafin ku buɗe baki, don muryar da aka ba Common Voice kyauta ce ta har abada, kowane kamfani na iya ɗauka ya gina abin sayarwa. Mutanen Mawori na Niyu Zilan, ta gidan rediyonsu Te Hiku, sun tara muryoyin harshensu suka ƙi sayarwa, suka rubuta nasu lasisin da ya ce amfanin ya koma ga masu harshen. Wasu sun ce wannan ba buɗewa ba ce, su kuma suka ce sun ga abin da buɗewa ta yi wa ƙasarsu. Wannan gardamar tana tafe gare mu, kuma gara ta same mu mun san bambancin takardun.

Mafi sauƙi duka taswira ce. OpenStreetMap kowa na iya gyara ta da wayarsa, sharaɗinta kuma irin na GPL ne, wanda ya ɗauki bayanan ya ƙara a kai ya raba, dole ya bar su a buɗe. Masu agaji da masu rigakafi suna duba ta kafin su fito daga Yamai su kamo hanyar nan mai kilomita wajen 180. Rijiyar da ba ta ciki, da makarantar da ba ta ciki, da hanyar da ruwa ke yankewa da damina tsakanin Luma da Cikal, babu wanda zai sa su daga Oslo. Sunayen garuruwanku kuma har yau yadda kunnen Bafaranshe ya ji su haka suke a rubuce. Wanda ya riga shigar da sunan unguwa shi ya raɗa mata, mutanen Ballayara kuwa sun fi ku kusa da rezon Yamai, kuma kun san irin sunan da za su so su raɗa muku.